Yadda Za Ka Je Ferrari World Kai Kaɗai da Yamma, Ka Hau Formula Rossa, Ka Koma Deira a Daren

Wanda ya je Dubai saro kaya yakan samu yini guda da ba shi da abin yi. An gama ciniki a kasuwar Naif da ke unguwar Deira, an miƙa kaya ga masu kago, jirgi kuma sai jibi. Abokan tafiya wani na barci a otal, wani na lissafin canji, in ka ce a zo a je hawa lilo sai a yi maka dariya a ce girma ya faɗi. Ba sai ka jira kowa ba. Tafiyar nan ta fi daɗi da sauri ga mutum ɗaya, muddin ya tsara lokacinsa daga baya zuwa gaba, wato ya fara sanin ƙarfe nawa ake rufewa, sannan ya ƙirgo sa'ar da zai bar masauki.

Wurin da ake magana a kai shi ne Ferrari World, wurin wasa mai jiragen lilo, a tsibirin Yas da ke Abu Dhabi. An buɗe shi a Nuwamba 2010. Kusan duk wurin yana ƙarƙashin wani makeken jan rufi mai tambarin dokin Ferrari, ga sanyin na'ura ko'ina, amma manyan jiragen lilon suna fita waje su yi tserensu a sarari su dawo. Babbansu shi ne Formula Rossa, wanda ke kai gudun kilomita 240 a awa cikin daƙiƙa 4.9 daga tsaye cak. A irin wannan gudun, Kano zuwa Kaduna ba za ta ci awa ɗaya cikakkiya ba. Ya shafe shekaru sama da goma babu jirgin lilon da ya kamo shi a duniya, har sai da Saudiyya ta ƙera nata, Falcons Flight, a Qiddiya kusa da Riyad, wanda aka tsara ya kai 250.

Mataki na farko: zaɓar rana

Tun Janairu 2022 hutun ƙarshen mako a Daular Larabawa ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a kuma rabin yini ake aiki. Saboda haka daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi wurin na iyalai ne da yara, layi ya yi tsawo. Litinin zuwa Alhamis su ne ranakunka. Ka kauce wa ranakun Sallah, da hutun ƙarshen Disamba, da makon tseren motocin Formula 1 da ake yi a filin Yas Marina, wanda yakan faɗo a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba. A makon nan hanyoyin tsibirin kansu cunkushewa suke yi.

Daren da za ka tafi washegari, buɗe shafin wurin a wayarka ka duba abu biyu. Na ɗaya lokacin rufewa. Yawanci wajen ƙarfe 8 na dare ne, amma yana sauyawa da yanayi da kuma azumi. Na biyu, kuma ya fi muhimmanci, jerin lilon da aka rufe don gyara. Formula Rossa inji ne mai wuyar sha'ani, a 2024 ma ya yi watanni a rufe. Ba abin takaici kamar ka yi tafiyar sama da kilomita 100 ka biya kuɗi ka tarar da igiya a ƙofarsa. In yana cikin jerin, ɗaga tafiyar ko ka je da sanin cewa sauran za ka hau. Ka kuma leƙa hasashen yanayi, domin iska mai ƙarfi ko guguwar yashi ko ruwan sama na sa a tsayar da duk jirgin da ke fita waje.

Sayi tikitin a intanet tun a otal. A shekarun nan na babba ya haura dirhami 300, dirhami kuwa a ɗaure yake da dala, kusan 3.67 a dala ɗaya, sai ka yi lissafinka. Za a nuna maka ƙarin tikitin tsallake layi mai suna Quick Pass. A ganina mai zuwa shi kaɗai a tsakiyar mako ba ya bukatarsa. Bari sai ka shiga ka ga tsawon layi da idonka, in ya zama dole a can ma ana sayarwa.

Mataki na biyu: abin da za ka sa, da abin da za ka bari a otal

Nan ne mutanenmu suka fi samun matsala. Babbar riga, jallabiya mai faɗi, hula, carbi a hannu, silifas, duk ba na wannan fita ba ne. Iskar da ke dukan mutum a gudun 240 ba ta barin komai da ba a ɗaure ba, kuma ma'aikata ba za su bar ka ka zauna da abin da zai iya tashi ya bugi na bayanka ba. Sa wando da riga daidai jiki, da takalmi sau-ciki mai igiya. In wandon na da aljihu mai zif, ya fi.

Ke kuma da za ki je ke kaɗai, gyale da mayafi mai jela ba za su yi ba. Nemi ƙaramin hijabi mai kama kai, ki cusa bakinsa cikin riga, ki cire duk wata allura ko fil da kika maƙala, domin kanki zai manne da kujera da ƙarfi. Doguwar riga da wando a ciki ta fi abaya mai buɗaɗɗen gaba. In kina shakka, tambayi ma'aikaciyar da ke bakin layi tun kafin ki shiga, kada sai kin kai gaba a dawo da ke.

Kada ka ɗauki jaka babba. Mai tafiya shi kaɗai ba shi da wanda zai ce wa “riƙe min”, don haka duk abin da ka ɗauko sai ka biya kuɗin akwatin ajiya ko ka yi ta jigilarsa. Waya, katin banki, kuɗi kaɗan, katin Nol na bas da jirgin ƙasa, fasfo ko shaidar da kake yawo da ita, da ƙaramin batirin caji. Shi ke nan. Kuɗin saro kaya su zauna a ma'ajiyar otal.

Mataki na uku: hanya

Tsibirin Yas yana gefen Abu Dhabi da ke fuskantar Dubai, kusa da filin jirgin sama na Zayed. Wannan na da amfani ka sani, domin bas ɗin E100 da ke tashi daga tashar Al Ghubaiba da E101 da ke tashi daga tashar Ibn Battuta, duk a Dubai, suna wuce mahaɗar Yas su kai ka babbar tasha a tsakiyar birnin Abu Dhabi, sai ka sake ɗaukar tasi ka dawo baya tafiyar kusan rabin awa. Kuɗinsu da sauƙi, dirhami 25, amma suna cin lokaci.

Hanyar da ta fi dacewa ga mai tattali ita ce ka hau jirgin ƙasa na cikin gari, jan layi, daga tashar Union ko BurJuman zuwa Ibn Battuta, daga nan ka nemi bas mai zuwa filin jirgin Zayed, sannan ka ɗauki tasi na 'yan mintuna zuwa babban kantin Yas Mall. Ware wa wannan awa biyu da rabi. In kuwa aljihu da nauyi, tasi ko Careem ko Uber daga Deira kai tsaye zai kai ka cikin awa ɗaya da 'yan kai, sai dai kuɗinsa na iya kamo kuɗin tikitin shiga.

Yanzu lissafi. In ana rufewa ƙarfe 8, kana son ka kasance a ciki ƙarfe 4, ko ma kafin haka. Awa huɗu sun ishi mutum ɗaya ya hau duk manyan jiragen har ya maimaita. Mai bin bas ya yi Azahar da wuri ya kama hanya wajen ƙarfe 1 da rabi. Kada ka wuce ƙarfe 3 kana cikin Dubai, domin daga nan cunkoson masu tashi daga aiki ke farawa a titin Sheikh Zayed.

Ci abincin rana kafin ka fito, kuma mara nauyi. Shinkafar biryani mai maiƙo da nama faranti guda a cikinka ba abokiyar wannan tafiya ba ce. Amma kada ka je da yunwa, shi ma yana kawo jiri. Sha ruwa a hanya.

Mataki na huɗu: da ka shiga

Ƙofar Ferrari World a haɗe take da Yas Mall, ta cikin kantin za ka bi alamu har ka isa. Nuna tikitin da ke wayarka, a duba jakarka, ka shige. Ɗauki taswira ko ka buɗe ta a waya, ka gano wuri uku: Formula Rossa, ɗakin salla, da ƙofar fita. In ba ka yi La'asar ba, yi ta yanzu ka huta.

Daga nan miƙe kai tsaye zuwa Formula Rossa. Kada ka tsaya kallon motocin da aka jera, suna nan ba inda za su. Dalili biyu ne. Na farko, jirgin na iya tsayawa a kowane lokaci saboda iska ko 'yar matsalar inji, in ka bar shi sai ƙarshe kana iya rasa shi gaba ɗaya. Na biyu kuwa zuciya ce: mutum shi kaɗai ba shi da mai zuga shi, in ya tsaya yana kallon yadda ake harba mutane yana jin ihunsu, minti goma sun isa ya shawo kan kansa cewa dama bai zo don wannan ba.

Akwai dai waɗanda bai kamata su hau ba ko kusa, kuma an rubuta a allon bakin layi: mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ciwon baya ko wuya, mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Wannan ba gargaɗin cika takarda ba ne. A wasu kwanoni jikinka zai ji nauyinsa ya ninka sama da sau huɗu. Hawan jini kuwa ya yi yawa a cikinmu, da yawa ma ba su san suna da shi ba. In ka haura arba'in kuma ka daɗe ba a auna ka ba, shiga kantin magani a Deira a auna ka kafin ka sayi tikiti. Akwai kuma iyakar tsawo, ta gajarta da ta tsayi, ma'aikaci zai auna duk wanda yake shakka a kansa.

Mataki na biyar: layi, kujera da tabarau

Jirgin na ɗaukar mutum 16, biyu-biyu a jere. Nan kaɗaicinka zai yi maka rana. Duk lokacin da iyali mai mutum uku ko biyar suka shiga, kujera ɗaya takan rage, sai ma'aikaci ya ɗaga murya yana neman mutum guda. Tsaya inda zai gan ka, da ya dubo ka ɗaga yatsa ɗaya. Sau da yawa haka za ka tsallake mutanen da suka riga ka.

Wace kujera? Layin gaba ya fi kowanne, ba abin da ke tare maka ido, iska kuma a fuskarka take sauka. Amma jiransa ya fi tsawo, kuma ga wanda bai taɓa hawa ba ya yi yawa. Na baya ya fi jijjiga. A hawan farko karɓi tsakiya, ka ajiye gaba sai zagaye na biyu.

Za a ba ka tabarau mai roba irin na masu dirowa daga jirgin sama. Ba ado ba ne. A wannan gudun ƙwayar yashi ko ƙwaro na iya raunata ido. Ja robar ta kama sosai. Mai gilashin magani ya tambayi ma'aikaci yadda zai yi da nasa. Zuba waya da duk abin aljihu a inda aka tanada, kada ka yi dabarar ɓoye waya don ɗaukar bidiyo, in an gani za a tsayar da jirgin a sauke ka.

Ka zauna, ka ɗaura bel, a sauko da ƙarfen da ke danne cinya. Matsa bayanka ya manne da kujera kafin a danna shi, ka bari ya kama ka tsam. In ka ga da sauran sarari, yi magana kafin ma'aikaci ya wuce, ba abin kunya ba ne.

Mataki na shida: minti ɗaya da rabi

Jirgin zai fita daga rumfa a hankali ya tsaya a kan miƙaƙƙen layin dogo, a waje, cikin zafin yamma. Wannan tsayuwar ita ce mafi wuya a duk tafiyar. A ƙarƙashinka wata ƙugiya ce ke kama jirgin, tana haɗe da igiyar ƙarfe da injin matsin mai zai fizga, irin dabarar da ake harba jiragen yaƙi daga kan jirgin ruwa. Kamfanin Intamin ne ya ƙera shi. Ba za ka ga komai daga cikin wannan ba, sai ɗan motsi kawai za ka ji.

Abin da za ka yi a daƙiƙun nan: jingina ƙeyarka da matashin kujera, ka dubi gaba, ka kama mariƙin da hannu biyu, ka yi bisimilla. Kada ka sunkuya, kada ka juya kana kallon na kusa da kai. Wanda fizgar ta same shi kansa a gaba, ƙeyarsa za ta bugi kujera, kuma wuyansa zai ba shi labari washegari.

Sai fizga. Ƙirjinka zai danne, kumatunka su ja baya, numfashi ya tsaya maka. Kada ka riƙe shi da gangan. Yi ihu, ihun ne ke fitar da iska ya tilasta maka shaƙar wata. Ba wanda ya san ka a nan, ba kuma mai ji. Kafin ka gama tantance abin da ke faruwa kun haye tudu mai tsayin mita 52, a samansa kuma za ka ji ka tashi daga kujera, ƙarfen cinya kaɗai ke riƙe da kai. Daga nan sai kwanoni masu faɗi kusa da ƙasa, tsawon kusan kilomita 2, waɗanda aka zana da kwaikwayon filin tseren Monza na Italiya. Jirgin nan ba ya juya mutum kai ƙasa ko sau ɗaya, duk abin gudu ne.

A cikin kwanonin, in ka ga idonka na dushewa ko gefen ganinka na yin duhu, jini ne ke sauka ƙafa. Ɗaure cinyoyinka da cikinka tamau, ka ci gaba da numfashi gajere-gajere, zai washe. Kuma buɗe ido ya fi rufewa, domin jiri ya fi kama wanda jikinsa ke jin juyi idonsa bai ga dalili ba.

Da an tsaya, kada ka zabura. Tashi a hankali, mayar da tabarau, kwashi kayanka, ka duba waya da fasfo tun a wurin. Nemi benci ka zauna minti goma ka kurɓi ruwa. A hanyar fita akwai allon da ke nuna hoton da aka ɗauke ku a guje. Kallo kyauta ne, karɓa da kuɗi.

Mataki na bakwai: sauran yammar

In jiki ya karɓa, na gaba shi ne Flying Aces, wanda aka buɗe a 2016. A wurina ya fi Formula Rossa ban tsoro, ko da yake gudunsa rabi ne, kilomita 120. Yana jan ka sama mita 63 a kan gangare mai tsananin miƙewa, kuma da sauri, ba irin jan nan na a-hankali ba; kujerun gefe kuma ƙafafunka a iska suke reto. An yi shi ne don tunawa da Francesco Baracca, matuƙin jirgin yaƙin Italiya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda dokin da ke jikin jirginsa ne ya zama tambarin Ferrari bayan mahaifiyarsa ta ba Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin Ferrari, shawarar ya sa shi a motocinsa. Layinsa an ƙawata shi da kayan sansanin soja na zamanin, ya cancanci a bi shi a natse.

Turbo Track gajere ne, yana harba ka sama ta tsakiyar rufin ginin ya dawo da kai da baya. Fiorano GT Challenge jirage biyu ne ke tsere kafaɗa da kafaɗa, mai sauƙi, ya dace da hutawa tsakanin manya. Mission Ferrari, na 2023, rabinsa a cikin duhu ne da majigi, shi kuma yana juya mutum. Bar tazarar minti goma sha biyar tsakanin kowane biyu. In tashin zuciya ya fara, tsaya haka nan, ba ya wucewa da ƙarin hawa.

Magariba a Abu Dhabi takan faɗi wajen 5 da rabi a Disamba, ta haura ƙarfe 7 a Yuni. Daidaita hawanka na biyu a Formula Rossa da ita. A lokacin sanyi yi salla tukuna, ka dawo ka hau cikin duhu, fitilun Yas Marina na gefe. Gudun ya fi jin yawa da dare saboda ba ka hango kwanar da ke tafe. A lokacin zafi kuwa hau gab da faɗuwar rana, sannan ka yi salla. Awar ƙarshe iyalai sun fara janye yara, layi ya ragu, a nan ne za ka nemi kujerar gaba. Tambayi ma'aikaci ƙarfe nawa ake rufe layin, domin wani lokaci ana tare shi kafin lokacin rufe wurin ya cika.

Kan hoto: roƙi ma'aikaci ko wani magidanci ya ɗauke ka. Kada ka ɗauki mutane, musamman mata da yara, ba da izininsu ba. A Daular Larabawa wannan laifi ne da doka ke hukuntawa, ba rashin ladabi kawai ba.

Mataki na takwas: komawa

Abinci sai yanzu. Na cikin wurin da tsada, Yas Mall kuma ba ya rufewa sai ƙarfe 10 ko fiye, ga gidajen abinci iri-iri da masallaci, sai ka yi Isha'i ka ci a natse. Amma ido na kan agogo. Jirgin ƙasan Dubai yana tsayawa wajen sha biyun dare a yawancin ranaku, daga Ibn Battuta zuwa Union kuma tafiyar sama da minti arba'in ce. Mai bin bas ya bar Yas kafin ƙarfe 9, ya ɗauki tasi zuwa filin jirgi, ya tabbatar akwai kuɗi a katin Nol ɗinsa tun da rana. In ka makara jirgin ƙasa ya rufe, tasi daga Ibn Battuta zuwa Deira zai ci maka abin da ka yi tattali.

Mai komawa da tasi kai tsaye ya hau a layin tasi na ƙofar Yas Mall ko ya kira ta manhaja, ya tabbatar mita na aiki, kada ya bi mai motar gida da ya tare shi yana rage masa kuɗi. Tura wa abokin ɗakinka saƙo cewa ka taso, da lambar motar. Ka riƙe katin otal ɗinka mai adireshi, domin otal-otal ɗin Deira sunayensu na kama da juna, titunan Naif kuma da dare direban Abu Dhabi ba lallai ya san su ba. Ce masa Baniyas Square ko Gold Souq, duk wanda ya fi kusa da kai, daga nan ka ƙarasa da ƙafa.